Yadda Na Gwada Motar Alhaji a Rairayin Arewacin Afala

Tun ranar da aka gan ni na shigo Tawa cikin motar nan, jikinta duk karce, taya ɗaya siririya kamar ta baro, ban huta da tambaya ba. A wurin aiki tambaya, a gidan suna tambaya, har matar da nake sayen albasa wurinta sai da ta ce, "Madam Rabi, wai da gaske motar magana takai?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, shi ya sa na zauna in rubuta shi gaba ɗaya.

Ni ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce. Shekara goma sha huɗu ina zagaya ƙauyukan Adar a kan moto, akwatin allura ɗaure a bayana. Bara na faɗi a hanyar Tebaram, ƙashin ƙuguna ya tsage, na yi wata huɗu a kwance. Da na tashi, likita ya ce ni da moto mun rabu ke nan. Shugabanmu mutumin kirki ne, ya ba ni tebur kusa da taga, ya ce in riƙa karɓar rahoton masu fita daji. Wata uku na yi a teburin nan, ina kallon abokan aiki suna dawowa da warin tumaki a tufafinsu, ni kuwa ba abin da ya taɓa hannuna sai takarda. Ran nan na ce wa maigidana ko dai in samu motar da ƙuguna zai jure, ko in ajiye aikin. Ya ce in nema, amma kada in yarda da abin da ban gwada a daji ba.

A wurin wani Alhaji mai sayar da motoci na gan ta. Ƙaramar motar daji ce, kat-kat, irin ta 'yan gayu, an ɗan hau ta a Turai kafin ta shigo ta Kwatano. Launin toka, kujerun fata, rufi na gilashi, ba a murɗa mata makulli sai dai a danna maɓalli. Ba ta kai manyan motocin proje na ƙungiyoyin agaji tsayi ba, amma duk tayoyinta huɗu suna ja. Da na zauna a kujerar direba, sai na ji ta riƙe mini baya da ƙugu kamar an auna ni kafin a ƙera ta.

"Madam," in ji Alhaji, "wagga mota ko Agadas kinka nuhwa da ita, kwana za ki yi a hanya ba ki sani ba."

Na ce ba Agadas za ni ba, rijiyar makiyaya za ni, arewa da Afala. Wani dattijonsu mai suna Alkasum, wanda na yi shekara da shekaru ina yi wa dabbobinsa allura, ya aiko cewa ciwo ya ɓulla a garken maƙwabtansu, tumakinsu da awakinsu kuma ba a yi musu rigakafi ba. Suna bakin rijiya har safiyar Alhamis, daga nan za su tashi neman ciyawa inda ba mai iya bin sawunsu. Abokan aikina duk suna gabas, wajen Kalfu. Na roƙi shugabanmu ya bar ni in je, ya yarda da kyar.

Alhaji ya daɗe yana shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce zai ba da motar gwaji in har Kawu Illa ne zai tuƙa. Kawu Illa ƙanen mahaifiyata ne, ya yi shekara talatin yana tuƙa motocin proje kafin ya huta, kuma babu ramin da bai sani ba tsakanin Tawa da Azawak. Ya zo ranar Talata da rawaninsa da butarsa, ya zagaya motar sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa.

"Ɗiyata, wagga amarya ta, ba jaka ba. Dubi tayunta, ba su da nama. Dubi ƙirjinta, roba na."

"Kawu, sai mun gwada."

"To, mu gwada. Amma na hwaɗi."

Alhaji bai sake mana takardun motar ba sai bayan la'asar, don haka muka san a Afala za mu kwana, tunda yanzu ba mai hankalin da zai bi hanyar arewa da duhu. Maganin rigakafi ba ya son zafi ko kaɗan. In ya ɗumama ya zama ruwan banza. A kan moto ƙanƙara nake jibga masa in yi ta addu'a. Wannan karon na ɗauko akwatin sanyi mai aiki da wuta, na jona shi a bayan motar, ya hau gurnaninsa a hankali. Bayan kujerar, wannan ne abu na farko da na so a motar.

A shingen fita gari wani jandarma ya duba takardunmu, ya leƙo ciki, sanyin kilim, na'urar sanyaya motar, ya bugi fuskarsa, ya lumshe ido. Ya tambayi inda za mu, na faɗa masa. Ya ce, "Da wagga?" Ya dubi Kawu kamar mai neman ƙarin bayani. Kawu ya ɗaga hannu sama, ya ce shi ɗan rakiya ne kawai.

Daga barin kwalta zuwa Afala hanyar jan ƙasa ce mai ƙwarya-ƙwarya, irin wadda ke kaɗa haƙora. A nan kam motar ta nuna kanta. Ina jin tayoyi na bugawa can ƙasa, amma bugun bai iso ƙuguna ba. Na ɗora hannu a wurin da ƙashin ya tsage ina jiran zafin da na saba, shiru. Na juya fuska wajen gonakin da aka girbe don kada Kawu ya ga idona ya kawo ruwa. Shi kuwa faɗa yake da motar. Duk inda ciyawa ta matso kusa sai ta hau ƙara tit-tit-tit, wai mun kusa karo da wani abu. Can kuma sai muryar wata mata ta fito daga allon gaba tana bayani da wani harshen Turawa wanda ba Faransanci ba. Kawu ya ce, "Mi tac ce?" Na ce ban ji ba. Ya ce, "To hwaɗa mata na san hanya tun ba a haihe ta ba."

A Afala muka sauka gidan Inna Hajo, wata tsohuwa mai kiwon awaki da ta saba saukar da ni. Ta ga ina ɗingishi kaɗan, ta riƙe hannuna ta daɗe tana jajanta mini, sannan ta kawo fura mai nono a ƙwarya, aka biyo da tuwon hatsi miyar kuka da man shanu. Matan unguwa suka zo kallon mota. Wata ta ga rufin gilashi ta ce ai wannan rashin sirri ne, mutum yana tafiya sama na kallonsa. Kafin magariba na cire akwatin sanyi na kai shi shagon wani mai firjin hasken rana ya kwana a can. Inna Hajo ta shimfiɗa mini katifarta, ita ta koma tabarma, na yi na yi ta ƙi.

Da hantsi ranar Laraba mun riga mun bar gonaki na ƙarshe. Wanda bai taɓa zuwa ba zai yi tsammanin akwai alama, amma babu: kawai za ka lura rumbuna sun ƙare, kara ya ƙare, sai ƙarangiya da aduwa da sawun dabbobi. Hanya ta zama layi biyu a cikin rairayi, tsakiyarsu tudu. Manyan motoci ne suka haƙa layukan, don haka tudun ya fi ƙarfin ƙaramar motarmu. Muna tafe muna jin cikinta na gogar ƙasa, har muka ji ɓarat. Kawu ya tsaya, ya fita, ya dawo riƙe da wata faffaɗar roba baƙa da ta ɓalle daga ƙarƙashin gaba. Ya jefa ta kujerar baya. Daga nan ya riƙa ɗora taya biyu kan tudun, biyu a gefen hanya, motar na tafiya a karkace.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya muka iso wata busasshiyar ƙorama mai faɗi, rairayinta fari, laushi kamar gari. Kawu ya rage wa tayoyi iska kaɗan, yana gunaguni cewa ba su da kaurin da za a rage da yawa. Ya ja baya, ya taho da gudu. Mun ci rabi lafiya, sai motar ta fara rage ƙarfi da kanta. Yana taka totur har ƙasa, ita kuwa tana lafawa, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa na ƙiftawa a gabansa. Ta yi tsaye cak, ta kafe.

Muka haƙa. Kawu da shebur, ni da hannu, muka yanko rassa muka tura ƙarƙashin tayoyi. Ya sake gwadawa sau uku, kowane gwaji sai ta ɗan yunƙura ta sake mutuwa, ta ƙara nutsewa. Rana ta take. Ga kuma wata damuwar: akwatin sanyi ba ya samun wuta sai inji na aiki, inji kuma mai yake sha, allurar ma'aunin mai ta riga ta sauka ƙasa da rabi. In na kashe, magani ya lalace. In na bari, mu rasa na komawa.

Kawu ya zauna a inuwar motar yana haki, gumi na ɗiga daga gemunsa. Mutum ne mai shekara saba'in ba kaɗan, sai a lokacin na ji kunyar jawo shi.

"Rabi," ya ce, "ki saurare ni. In Allah ya sa munka hita nan, baya za mu yi. Motag ga ba ta son rairai. Ina ba ta wuta tana ƙwace mani. Ni ban taɓa ganin motad da ka gardama da mai tuƙinta ba."

"Kawu, gobe da sahe za su tashi."

"Su tashi. Tumaki na, ba mutane ba."

"Tumakin nan su ne abincin mutanen."

Ya dube ni ya kau da kai. Ya san haka, ya ma fi ni sani. Gajiya ce ta sa shi faɗa.

Na shiga mota na buɗe akwatin gaba na ɗauko littafinta. Da harshen matar nan mai magana aka rubuta shi, ko kalma ɗaya ban gane ba, amma akwai hotuna. Na yi ta buɗawa har na ga hoton 'yar fitilar da ke ƙiftawa: mota da layi biyu a karkace a bayanta. Kusa da shi an zana wani maɓalli da yatsa a kansa. A shafi na gaba ga hoton wani ɗan abin murɗawa da ke tsakanin kujeru, wanda tun Tawa muka ɗauka na rediyo ne, an zana masa kwalta, da ƙanƙara, da duwatsu, da tudun rairayi. Sai na gane. An koya wa motar cewa in taya ta fara juyawa a banza to santsi ne, ta rage wuta. A ƙasarsu hakan ceto ne. A rairayi kuwa sai taya ta juya ta watsa ƙasa kafin a fita.

Na kira Kawu na nuna masa. Ya ce shi ba ya tuƙi da littafi. Na ce to ni zan tuƙa.

"Ke? Da wanga ƙugu?"

"Da shi."

Na iya mota a gari, amma ban taɓa tuƙa ta a rairayi ba. Na murɗa abin nan zuwa hoton tudu, na danna maɓallin na riƙe har fitila ta tsaya da ƙiftawa. Kawu ya sake share gaban tayoyi, ya tsaya a gefe yana ba ni umarni da ƙarfi: kada in murɗa sitiyari, in taka a hankali, in ta motsa kada in saki ko me zai faru. Na yi bisimilla na taka. Injin ya yi wata irin kuwwa da bai yi ba tun da muka fito, rairayi ya tashi sama ta kowane gefe, motar ta girgiza, ta ɗago, ta fara jan jiki. Ina jin Kawu a baya yana ihu, "Kar ki sake! Kar ki sake!" Ban saki ba sai da na hau gaɓar ƙorama na ji ƙasa mai tauri. Nan na taka birki na tsaya.

Kawu ya iso a ƙasa, shebur a kafaɗa. Na buɗe ƙofa zan koma kujerata, ya mayar da ƙofar ya rufe, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen.

"Tahi," ya ce. "Ke ta ka jin maganarki."

Murnata ba ta daɗe ba. Saura kaɗan mu isa, har muna hango ƙurar dabbobi, na taka wani kututture da ciyawa ta rufe, ya tsaga tayar gaba ta gefe. A nan maganar Kawu ta tabbata, tayoyin ba na daji ba ne. Da muka ɗaga shimfiɗar baya neman tayar ajiya, sai ga wata 'yar siririya kamar faifai. Kawu ya ɗaga ta da hannu ɗaya, ya yi dariya har da tari. Shi ya canza ta, ni ina tsaye ban san ko inda ake kafa abin ɗaga mota ba. Muka ƙarasa a hankali kamar masu rakiyar amarya, siririyar tayar na nutsewa muna lallaɓa ta.

Alkasum ya tarye mu a bakin rijiya, dogo, rawani baƙi ya rufe masa baki da hanci. Ya ce an gaya masa Lokotoro, wato ni likitar dabbobinsu, ta karye ta daina fita, har ya fidda rai. Ina so in fara aiki nan take, amma a wurinsu ba a yi wa baƙo maganar aiki kafin shayi, kuma shayin kofi uku ne, kowane da dahuwarsa. A Tawa da na ce a yi mini uzuri, a nan kuwa ƙin sha wulaƙanci ne. Na bar injin yana aiki saboda akwatin sanyi, na zauna na sha, idona na kan allurar mai a zuciya. Wani abin kuma, ba a tambayar makiyayi yawan dabbobinsa, kamar yadda mu ba ma ƙirga wa mutum 'ya'yansa a gabansa. Na ce, "Baba, maganin da na kawo zai isa kuwa?" Ya ce, "Abin da Allah ya ba mu ba shi da yawa." Na waiga na ga garke ya rufe fili har inda ido ya tsaya.

Muka fara bayan azahar. Maza na kamowa, ina sokawa, Kawu na shafa wa wadda aka gama shuɗi a goshi. Wajen la'asar ƙuguna ya fara ci kamar an sa wuta. Fadimata, matar Alkasum, ta lura ina dafa shi. Ba ta tambaye ni ba, ta sa aka kifa turmi aka ɗora masa matashin fata, ta ce in zauna a riƙa kawo mini dabbobin. Haka muka yi har rana ta yi ja. Na kashe injin sa'ad da kwalba ta ƙarshe ta fita daga akwati, da sanyinta. 'Yan awaki kaɗan ne suka rage, marasa lafiya da bai kamata a yi musu ba.

A tantin Fadimata na kwana, kuma nata ne da gaske: a wurinsu mace ke da ɗaki, in aka ɓata miji ne ke kwashe takalmansa ya fita. Na ce mata wannan al'ada ya kamata a kai ta Tawa, ta yi dariya ta ce mazanmu ba za su iya ba. Ta ba mu gurasar da ake gasawa cikin toka da rairayi mai zafi, an karkaɗe ta an marmasa da man shanu, da nonon raƙumi, da cuku na guzuri. Da asuba na ji ana kwance tantuna. Kafin mu gama loda tsagaggiyar taya a bayan mota, jakuna sun riga sun ɗau kaya sun miƙa yamma.

Alkasum ya nuna mana wata hanyar da ta zagaye ƙoramar ta kan tsakuwa. Ta fi nisa amma siririyar taya ta jure. Mun shiga Afala fitilar mai na kunne, muka sayi na kwalba. Bayan an zuba, wata sabuwar fitila mai hoton inji ta kama, ba ta mutu ba har Tawa. Makaniken Alhaji ya ce motar ba ta son man da ba a tace ba.

Alhaji ya zagaya motarsa yana salati, yana shafa karcen ƙaya da yatsa. Na miƙa masa robar da ta ɓalle. Sannan na faɗa masa abin da na gani, kuma shi zan faɗa wa duk mai tambaya. Kujerarta da laushin tafiyarta ba su da na biyu, ni shaida ce. Tana da ƙarfin fita rairayi in ka san abin da za ka danna. Amma cikinta ya yi kusa da ƙasa, tayoyinta na kwalta ne, tayar ajiyarta abin wasa ce, tankinta ƙarami, ga tsirfar mai. Wanda zai ɗauki buhuna ko ya yi kwana goma a Azawak, ya nemi babbar kat-kat ta ƙarfe. Ni da nake fita kwana biyu da akwatin sanyi da karyayyen ƙugu, ta yi mini. Na ce zan ɗauka in an sa mata tayoyi masu kauri, da cikakkiyar tayar ajiya a kan rufi, da farantin ƙarfe a ƙarƙashi.

"Madam, za ki ɓata mata kyau," in ji Alhaji.

Na ce na yarda.

Ranar da aka gama gyaran, na kai ta ƙofar gidan Kawu Illa don ya sa albarka. Ya fito ya duba tayoyin, ya ƙwanƙwasa farantin ƙarfen da sandarsa, ya gyaɗa kai. Sai ya miƙo hannu ya karɓe makullin ya jefa a aljihu. Ya ce ba zan sake fita daji ba, da shi ko ba shi, sai na iya canza taya ni kaɗai.

Na durƙusa a kan tabarma a gaban gidan, mutanen unguwa na wucewa suna kallo. Na kafa abin ɗagawa a inda bai dace ba, ya ce in sauke. Na kwance ƙusoshi bayan na ɗaga motar, ya ce tun tana ƙasa ake sassauta su. Saukar da taya daga rufi kaɗai ya ci ni kusan rabin awa, sai da na koyi zamo da ita ta kan katako don kada nauyin ya hau ƙuguna. Da na ɗaure ƙusa ta ƙarshe, hannuwana baƙi ƙirin, zanena ya jiƙe da gumi, na miƙe da kyar na dube shi.

Kawu ya duba agogonsa, ya kurɓi shayinsa.

"Ya yi," ya ce. "Amma a daji ba tabarma. Kwance ta, ki sake."